Ta yaya rawa ke bayyana zaman mutane da juna?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Ana cewa wasan kwaikwayo na rawa yana fito da halayen ɗan Adam da yadda mutane ke mu'amala da juna. Ta yaya motsin jiki zai nuna danniya ko tsoro ko ƙauna, alhali sau da yawa babu magana, babu kuma labarin da ake bi daga farko zuwa ƙarshe?

Malamin Dandamali:
Wa alaikumus salam, Malama. Bari in ba ki misali daga aikin Pina Bausch, Bajamushiyar da ta karɓi jagorancin ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal a 1973. A wasanta Café Müller na 1978, mace da namiji suna rungume da juna, sai wani mutum ya zo ya raba hannayensu, ya ɗora matar a kan hannun namijin, ta sulale ta faɗi, ta tashi ta koma rungumar farko. Mutumin ya dawo ya sake shirya su, ta sake faɗuwa. Haka ake ta yi, sauri yana ƙaruwa, har ya daina zuwa, su kuwa suka ci gaba da ɗagawa da faɗuwa da kansu, ba mai tilasta musu. Na daɗe ban ga abin da ya nuna yadda mutum ke mayar da umarnin wani ya zama ɗabi'arsa kamar wannan ba, kuma maimaitawar ce ta yi aikin, domin sai a karo na shida ko na bakwai ne abin ke fara yi wa mai kallo ciwo.

Mai Bin Tarihi:
Ina ƙarawa da cewa malamin Pina Bausch, Kurt Jooss, ya riga ta a wannan hanya. Wasansa na Koren Teburi, wanda ya ci gasa a Faris a 1932, yana buɗewa da manyan mutane sanye da fuskokin bogi suna muhawara a teburi, su harba bindigogi, yaƙi ya cinye sojoji da mata, sannan a ƙarshe su dawo teburin da motsinsu na farko, ko gezau.

Mai Kallo:
Malama, ki lura kuma da jikin da ke yin motsin. An fara nuna Kontakthof na Pina Bausch a 1978, wasa ne kan yadda maza da mata ke neman kusantar juna, sannan aka maimaita shi a 2000 da mutanen da suka haura shekara 65, aka kuma yi da matasa a 2008. Takun bai canja ba, amma hannun dattijo da ke miƙawa zuwa kafaɗar abokiyar rawarsa yana ɗauke da kaɗaici, na matashi kuwa kunya ce ke sa shi karkarwa.