Yaro zai shiga aji tara a karatun gida: Veritas, Memoria ko Classical Conversations?

Maman Ishaku:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. A jihar Fensilbaniya ta Amurka muke, a gida muke koyar da ɗanmu mai shekara 14, zai shiga aji tara. Muna son tsarin nan na Latin da mantiƙi da manyan littattafan dā bisa bangaskiyar Kirista, mai tsauri sosai. Na rasa na ɗauka tsakanin tsare-tsaren karatun gida uku: Veritas Press, Memoria Press da Classical Conversations. Bai taɓa yin Latin ba, ya gama Aljabra 1, injiniya yake son zama. Wanne ya fi?

Malam Bulus:
Maman Ishaku, kafin sunan kamfani, wa zai zauna da yaron su tattauna abin da ya karanta, wa zai gyara masa rubutu? Amsar nan ce za ta yi miki zaɓin.

Omnibus na Veritas kundi shida ne, daga aji bakwai zuwa sha biyu, yana haɗa tarihi da adabi da tauhidi wuri guda. Na 1 da na 4 zamanin dā ne, na 2 da na 5 tsakiyar zamani, na 3 da na 6 zamanin kusa. Karatun yana da yawa ƙwarai, an raba shi gida biyu, manyan littattafai da na biye. Inda ake samun matsala shi ne a miƙa wa yaro Homa da Herodotus, marubutan Girka na dā, a bar shi shi kaɗai: zai riƙa juya shafi, ba abin da ya zauna. Idan ba ki da awa biyu zuwa uku a mako na tattaunawa, ki sa shi ajinsu na intanet mai malami kai tsaye, ki fara da manyan littattafan kawai. Ki kuma sani tauhidinsu na bin koyarwar Kalbin ne, malamin tauhidin Furotesta; ki karanta babi ɗaya ku gani ko ya dace da ikilisiyarku.

Memoria Press littattafai kaɗan ne amma a hankali, da littafin aiki da jarrabawa da amsoshi. Ga uwar da ba ta yi wannan karatun ba, shi ya fi sauƙin dubawa.

Malama Rifkatu:
Maganar Latin ce ta fi damuna. Tsarin Memoria ya ɗauka yaro ya fara tun firamare, don haka kada ki sayi kunshin aji tara gaba ɗaya. Ki ɗauki littafinsu na masu fara Latin, First Form Latin, daban, mai shekara 14 yana iya yin sa da sauri fiye da ƙanana, ko ya shiga littafin Latin na Henle na farko ya raba shi shekara biyu. Minti 30 zuwa 45 kullum, kwana biyar. Latin ba ya son a tara shi ranar Asabar: idan ƙarshen kalmomi bai zauna a ka ba, da an kai jimloli masu tsawo sai komai ya rushe. Shi ma Classical Conversations da Henle yake aiki, kuma 'yan Challenge I, ajinsu na daidai aji tara, yawanci sun riga sun taɓa shi a azuzuwan baya, Challenge A da B, sabon shiga zai sha gudu.

Baban Talatu:
A yi wa Classical Conversations adalci. Haɗuwa ce ta kwana ɗaya a mako, da muhawara da gabatar da jawabi, abin da ke wahalar samu a gida. Sai dai jagoran ajin galibi ɗaya ne daga cikin iyaye, kuma ke ce mai ba da maki. Ki je ki zauna yini guda a ajin da ke kusa da ku kafin ki biya, domin wani aji ya sha bamban da wani.

Malam Bulus:
Tunda injiniyanci ne, 'yar'uwa, lissafi da kimiyya ki nemo su daban, kada ki jingina da kunshi. Jiyometiri a aji tara, Aljabra 2 a goma, sharar fagen kalkulas a sha ɗaya, kalkulas a sha biyu. Bayoloji, kemistiri da fiziks, kowanne da gwaji na hannu da rahoton da aka rubuta. A shekaru biyun ƙarshe ya ɗauki kemistiri ko kalkulas a kwalejin unguwa, makin da wani malami ya bayar yana ƙara wa takardar sakamakon da za ki rubuta nauyi. Ya zauna jarrabawar share fage ta PSAT a Oktoban aji sha ɗaya, sannan jarrabawar shiga jami'a, SAT ko ACT. Akwai wata jarrabawar shiga jami'a, CLT, da aka fara a 2015, ta dace da wannan karatu, amma ba kowace jami'a ke karɓarta ba.

Malama Rifkatu:
Dokar jiharku kuma: takardar rantsuwa ga gundumar makarantu kafin 1 ga Agusta, kwana 180 ko awa 990 a shekara, fayil na ayyukan yaro, da shaidar mai tantancewa kafin 30 ga Yuni. Don kammalawa ana neman Turanci shekara huɗu, lissafi uku, kimiyya uku, ilimin zamantakewa uku, fasaha da adabi biyu. A takardar sakamako kada ki rubuta "Omnibus" kawai, ma'aikacin jami'a bai san shi ba. Ki raba shi: tarihin zamanin dā, adabin zamanin dā, tauhidi, kowanne da makinsa da jerin littattafansa.

Maman Ishaku:
Na gode, Ubangiji ya sāka. To mantiƙi da balaga, wato ilimin iya magana, fa, yaushe?

Malam Bulus:
Mantiƙi a aji tara ko goma, Traditional Logic na Memoria ya isa, littafi ɗaya a kowane zango. Balaga ki bari sai sha ɗaya, lokacin da ya iya tsara hujja a maƙala mai shafi uku.