Takardar gwajin fitsarina ta fito, me ake nufi da S da R?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana goma ke nan ina fama da zafin fitsari, kullum ina hanyar banɗaki amma ɗan kaɗan ke fita, ga ciwon mara. Na sha Septrin daga kemis kwana biyar, babu sauƙi. Da na je asibiti aka tura ni lab, bayan kwana uku aka miƙo min takarda: E. coli, sai Septrin R, Ampicillin R, Augmentin I, Ciprofloxacin S, Nitrofurantoin S, Gentamicin S. Sai jibi zan ga likita. In sayi cipro kawai? Ina da ciki wata biyar.

Ma'aikaciyar lab: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ki lafiya. Fitsarin muke shukawa a faranti har ƙwayar cutar ta tsiro, sannan mu gwada ta da 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magani. Inda magani ya ci ta, sai ki ga fili tas ya zagaye takardar, faɗin filin nan muke aunawa. S yana nufin maganin yana cin ta. R kuwa ta gagare shi, shi ya sa Septrin bai yi miki komai ba. I tsaka-tsaki ne, likita ke duba ko zai yi. Ita E. coli, ƙwayar cutar da aka samu a fitsarinki, daga hanji take, kuma ita ce ta fi kawo wannan ciwo.

Ungozoma: Ƙanwata, don Allah kar ki taɓa cipro. Farantin lab bai san kina da ciki ba, kuma ana kauce wa cipro ga mai juna biyu. Gentamicin allura ce, tana iya taɓa ƙoda da ji, sai a hannun likita. Nitrofurantoin ana ba masu ciki a irin watanninki, amma ana guje masa dab da haihuwa, da kuma ga mai ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kuma a mafitsara kawai yake aiki sosai, idan ciwon ya hau ƙoda ba zai wadatar ba. Ni dai ban yarda da jiran jibi ba. Gobe da sassafe ki kai takardar ɗakin awo. In kuwa zazzaɓi, rawar ɗari, amai ko ciwon kwiɓi ya taso, daren nan za ki tafi, don yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Wata 'yar uwa: Kuma ki shanye abin da aka rubuta miki duka. Ni kwana biyu na ji sauƙi na ajiye, ko wata ba a yi ba ya dawo min.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu zazzaɓi tukuna. Na sa takardar cikin katin awo, maigida zai kai ni bayan sallar asuba.