Cikakken kwafi kowane dare, ko kwafin ƙari? Neman shawara kan jadawalin ajiyar kwamfuta

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar tebur ce mai Windows 11, kayan cikinta sun kai gigabait 300: takardu, hotuna da akwatin wasiƙu na Outlook. Akwai faifan waje na USB mai terabait 2. Manhajar ajiya tana ba da zaɓi uku, cikakken kwafi, kwafin ƙari da kwafin bambanci. Niyyata in sa ta riƙa ɗaukar cikakke kowane dare, da rana kuma ta ɗauki na ƙari. Shin hakan ya yi, ko akwai tsarin da ya fi? Kwafi nawa kuma ya kamata a bari kafin a fara goge tsofaffi?

Malam_Faifai:
Wa alaikumus salam. Cikakke kowane dare ba zai kai ka ko'ina ba, lissafi ma ya isa ya nuna. Faifan da aka rubuta wa terabait 2, wajen gigabait 1,860 Windows zai nuna maka. Raba shi da 300, kwana shida ya cika. Matse bayanai zai ɗan rage, amma hotuna da bidiyo ba sa matsuwa sosai, don tun asali a matse suke. Ga kuma lokaci. Faifan waje mai juyawa yakan rubuta kamar megabait 100 a daƙiƙa, wato minti 50 ke nan idan komai ya tafi daidai, ƙananan fayiloli masu yawa kuwa sai su ja abin ya zarce haka.

Abin da ya dace: cikakke sau ɗaya a mako, a ranar da ba a aiki da kwamfutar sosai, sauran kwana shida kwafin ƙari. Kwafin ƙari abin da ya canza tun kwafin da ya gabace shi kawai yake ɗauka, ko wane iri ne. A ce gigabait 3 ke canzawa a rana. Mako ɗaya ya zama 300 da 18, wato 318. Mako huɗu 1,272. Sai ka tuna cewa manhajoji da yawa sai sun gama sabon cikakke suke goge mafi tsufa, don haka dole a bar gurbin na biyar, jimilla 1,572. Faifanka zai ɗauka har da saura, kuma za ka iya komawa kowace rana cikin wata guda. Da tsarinka kwana shida kawai za ka iya komawa, alhali fayil yakan lalace a yi mako biyu ba wanda ya lura.

Wajen gogewa, ka saita manhajar ta riƙa ƙirga sarƙa, wato cikakke tare da duk na ƙari da ke rataye da shi. Kada ka taɓa shiga babban fayil ɗin ajiya ka goge wani abu da hannu don neman wuri. Kwafin Alhamis ya dogara da na Laraba, na Laraba da na Talata, har a kai ga cikakken. Idan na Talata ya ɓace ko ya lalace, duk na bayansa sun tashi a banza sai an ɗauki sabon cikakke.

Injiniya_Sabar:
Na yarda da Malam a kan cikakke na mako-mako, amma a kwamfuta ɗaya mai faifai ɗaya na fi karkata ga kwafin bambanci. Shi abin da ya canza tun cikakke na ƙarshe yake ɗauka, saboda haka wajen dawo da kaya fayil biyu kawai ake buƙata: cikakken da na bambanci mafi sabo. Ko na tsakiya ya lalace babu ruwanka. Illarsa girma. Da lissafin gigabait 3 a rana zai tafi 3, 6, 9, 12, 15, 18, jimilla 63 a mako maimakon 18. Mako huɗu tare da gurbin na biyar wajen 1,750 ne, ya shiga amma da ƙyar. Idan za a bi wannan, a rage zuwa mako uku.

Sai dai abin da ya fi kashe ajiya shi ne jadawalin da bai tashi ba, ba kuma wanda ya sani. Ga wuraren da ya kamata a duba.

An saita ƙarfe 2 na dare, kwamfutar kuwa tana barci ko a kashe. Manhajoji da yawa ta Task Scheduler, wato mai tsara lokutan ayyuka na Windows, suke aiki. A can akwai akwati biyu da za ka sa wa alama, ɗaya na tada kwamfutar daga barci don aikin, ɗaya na gudanar da aikin da zarar an kunna idan lokacinsa ya wuce. Na farkon ba ya tada kwamfutar da aka kashe gaba ɗaya, kuma sai an bar masu ƙidayar farkawa (wake timers), waɗanda ke tada ta daga barci, a kunne cikin saitin wuta. Idan ana kashe ta da dare, gara a mayar da kwafin ƙari lokacin hutun rana, ai mintuna kaɗan ne.

Harafin faifai yakan canza. Yau faifan waje E ne, gobe an riga shi da wata filasha sai ya koma F, manhajar ta nemi E ta rasa. Shiga Disk Management, wurin sarrafa faifai na Windows, ka ba shi harafi daga can ƙarshe, kamar X. Ka duba tsarin ajiye fayiloli na faifan tun kana wurin: tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, NTFS ya fi dacewa da wannan aiki.

Fayilolin da ke buɗe, irin na Outlook, ba sa kwafuwa daidai sai manhajar tana amfani da VSS, wani sashe na Windows da ke riƙe bayanan faifan yadda suke a daidai lokacin da aikin ya fara. Ka tabbata yana kunne. Sannan ka kunna saƙon imel na sakamako, na nasara da na gazawa duka biyun. Idan na gazawa kaɗai ka kunna, ranar da aikin bai ma tashi ba shiru za ka ji, ka ɗauka lafiya.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Wata tambaya kuma: me ke sa kwafin ƙari ya kumbura wata rana ya kai gigabait 30 ko 40 alhali ba a ƙara wani abin kirki ba?

Malam_Faifai:
Ya danganta da yadda manhajar ke gane canji. Mai aiki da fayil-fayil kwanan wata da girman fayil take dubawa. Akwatin Outlook fayil ɗaya ne mai ƙarshen PST, idan ya kai gigabait 20, wasiƙa ɗaya ta shigo, duk 20 ɗin za ta sake kwafewa. Mai aiki da gutsattsarin faifai, irin Veeam Agent ko Macrium Reflect idan ana ɗaukar hoton faifai, wato kwafin faifan gaba ɗaya, wurin da ya canza kawai take ɗauka, wannan matsalar ba ta taso mata. Tata matsalar daban ce: idan Windows ya sake jera bayanai a faifai mai juyawa, kamar yadda yake yi da kansa mako-mako, gutsattsarin sun sauya mazauni, sai ta ɗauke su a matsayin sababbi. Babban sabuntawar Windows ma yana jawo haka. Ka sa jeran ya faɗo kafin ranar cikakke, ba bayanta ba. Idan kuwa ya kumbura ba ɗaya daga cikin dalilan nan, ka buɗe takardunka ka gani ko suna buɗuwa, domin ƙwayar da ke kulle fayiloli don neman fansa haka take bayyana, komai ya canza dare ɗaya.

Hajiya_Tsaro:
Tunda Malam ya taɓo ƙwayar fansa, faifan da ke maƙale da kwamfuta dare da rana shi ma za ta iya kulle shi. Tsawa ko matsalar wuta ma ba ta bambanta su. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku har da na asali, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Mafi sauƙi a samu faifai na biyu a riƙa musanya su duk mako, ranar cikakke, don kowane faifai ya riƙe sarƙarsa cikakkiya. Kada a musanya a tsakiyar mako, sai rabin sarƙa ya zauna nan rabi can.

Ɗan'uwa, ka haɗa filashar ceto, wadda ake tada kwamfuta da ita idan Windows ya ƙi tashi, daga cikin manhajar tun yanzu, ka tada kwamfutar da ita ka ga tana ganin faifan waje. Idan BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, lambar dawowarsa mai lambobi 48 a ajiye ta a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba, haka ma kalmar sirrin ajiyar idan ka kulle ta. Kunna tantancewa, wato manhajar ta duba lafiyar kwafin, bayan kowane cikakke, ko da zai ƙara lokaci. Sau ɗaya a wata kuma ka zaɓi wata rana daga tsakiyar sarƙa, ka dawo da fayil biyu ko uku zuwa wani babban fayil daban, ka buɗe su da idonka.