Likitoci masu duba yara: me kuka daina yi bayan kun dawo daga bita?

Likitar Ɗakin Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan aiki. Makon jiya na dawo daga bitar kwana uku a kan cututtukan da suka fi kawo yara asibiti, kuma har yanzu abu ɗaya na ci mini tuwo a ƙwarya. A rana ta biyu mai koyarwa ya kunna mana bidiyon wani yaro ɗan wata takwas, ya ce kowa ya ƙirga numfashinsa ya rubuta a takarda. Da aka tattara, amsoshinmu sun kama daga 38 har 60. Ni 44 na rubuta, don na ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar na ninka sau huɗu, yadda na saba shekara da shekaru. Ashe 54 ne.

Kun san ƙa'idar IMCI, tsarin duba yara marasa lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya: ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti ɗaya, numfashinsa ya yi sauri, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Saurin numfashi kuwa alamar namoniya ce, wato ciwon huhu. Wato da a gabana yaron yake, mura zan rubuta a katinsa in sallami uwarsa. Numfashin ƙaramin yaro ba ya tafiya bai ɗaya, ya yi sauri ya ɗan tsaya, shi ya sa aka ce minti ɗaya cur, kuma yaro na natse. Na san wannan tun ina ɗaliba. Hannuna ne ya manta.

To ina so in ji naku. Ba abin da aka faɗa a bita nake tambaya ba, abin da kuka daina yi ko kuka fara yi bayan kun koma bakin aiki.

Tsohon Hannu

Wa alaikis salam 'yata. Ni nawa ya fi naki nauyi. Mu an koya mana cewa yaron da ya zo da zazzaɓi mai zafi, hannuwansa sun yi sanyi, bugun jininsa ya raunana, a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri, kada a tsaya wata-wata. Na yi haka ba adadi, kuma na koya wa na ƙasa da ni. In ka ɗura, sai ka ga yaro ya ɗan farfaɗo a idonka, ka tafi kana jin ka yi aiki.

A wani taron ƙara wa juna sani ne aka gabatar mana da binciken FEAST, wanda ya fito a 2011. An yi shi a Uganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da dubu uku. Waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri, kusan kashi 10.5 cikin ɗari sun rasu a cikin awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kashi 7.3. Ban yarda ba a ranar. Na tashi na yi musu da mai gabatarwa, yaron da na isa in haife shi, na ce idona ya ga amfaninsa. Ya ce, ranka ya daɗe, su ma masu binciken sun ga wannan farfaɗowar ta farko, mutuwar daga baya take zuwa. Na zauna. Sai da na nemo takardar na karanta da kaina sau biyu kafin na sauke girman kai.

Amma ku kula, don na ga masu ɗaukar rabin magana. Binciken bai haɗa da yaran da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba, bai haɗa da masu ƙuna ko tamowa mai tsanani ba. Yaron da gudawa ta tsotse, idonsa ya faɗa, ba ya iya sha, yana bukatar ƙarin ruwansa yadda ƙa'ida ta ce. Na taɓa samun wani ƙaramin likita yana jan ƙafa a kan irin wannan yaron, wai ya ji an hana. Bita mai rabi-rabi ma tana da nata haɗarin.

Mai Aikin Dare

Ku yi haƙuri, ni zan ɓata muku zance. Yawancin bitocin da na je, sa hannu ne da karɓar takardar shaida don a cika makin sabunta lasisi. Mutum ya tsaya yana karanto rubutu daga allo na awa biyu, rabin ɗaki na latsa waya. Akwai wadda wani kamfanin magani ya ɗauki nauyinta, take a kan tarin yara, amma duk inda aka zaga sai an dawo kan maganin tarinsu. Ba wanda ya ce uffan a kan cewa hukumar magunguna ta Amurka ta hana bai wa 'yan ƙasa da shekara 12 kodin tun 2017, ko cewa yawancin tarin mura da kansa yake tafiya. Ni a waya na karanta wannan, da ƙarfe ukun dare ina jiran sakamakon gwaji.

Ba na cewa a daina. Cewa nake a duba wa ya biya kuɗin ɗakin taro.

Likitan Karkara

Mai Aikin Dare, gaskiyarka, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni gudawa ce tawa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata shida, 10 ga na ƙasa da haka, na kwana 10 zuwa 14. Ina rubutawa kuwa. Sai dai a ƙasansa ina ƙara metronidazole, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kusan ga kowa, don uwa ta ga an ba ta “magani na gaske”, ni ma hankalina ya kwanta.

Abin da ya canza ni wasan kwaikwayo ne da aka sa mu yi. Wata nas ta zama uwa, ni likita. Na gama bayanina, sai mai koyarwa ta ce da ita, to Mama, in gudawar ta tsaya jibi me za ki yi da sauran ƙwayoyin? Ta ce ajiyewa zan yi mana, ai ya warke. Duk ɗakin aka yi dariya, ni kuwa kunya ta kama ni, don ban taɓa gaya wa uwa ko ɗaya dalilin cika kwanakin ba, cewa zinc ɗin na rage dawowar gudawar a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Yanzu kafin uwa ta tashi sai ta maimaita mini abin da na ce da bakinta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sai in akwai jini a bayan gida, ko ana zargin kwalara, ko wani dalili na daban. Wasu iyayen na fita suna ƙunƙuni. Ina jin su.

Sabon Shiga

Manyanmu, ina gaisuwa. Ni matsalata ba koyon ba ce, komawa da shi ne. An koya mana cewa jaririn da ƙananan hanyoyin iskarsa suka kumbura bayan mura, wanda ke shessheƙa karon farko, ba a ba shi salbutamol mai buɗe hanyar iska, ko sitiroyid mai rage kumburi, ko antibayotik haka kawai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi haka a ƙa'idarta ta 2014. Abin yi shi ne a share masa hanci, a tabbatar yana sha, a ba shi oksijin in ya yi ƙasa. Na koma da zumuɗina, na rubuta haka a katin wata 'yar wata huɗu. Da safe babban da ke kaina ya zo zagaye, ya soke, ya rubuta duka ukun, ya ce a gaban uwar, ku yaran yanzu kun fi son takarda da majinyaci. Tun ranar na kama bakina. Yaya ake yi da irin wannan?

Tsohon Hannu

Ɗana, ni ne wannan babban shekarun baya, don haka ji daga bakin mai laifi. Kada ka gyara masa a gaban gado, ba zai ji ba ko da ya san kai ke da gaskiya. Buga ƙa'idar a takarda, ka same shi shi kaɗai, ka ce Malam, an nuna mana wannan, ina so ka duba mini ko na fahimta daidai. In akwai taron sashe na mako, ka roƙi a ba ka minti goma. Haka aka yi da mu lokacin sauya kwinin. Binciken AQUAMAT na 2010 ya nuna allurar artesunate ta rage mutuwar yara masu maleriya mai tsanani daga kashi 10.9 zuwa 8.5, amma wasunmu sun ci gaba da rataya kwinin don shi hannunsu ya sani. Wata ƙaramar likita ce ta yi ta kawo maganar a taro har muka gaji muka bi.

Sai dai kai ma ka buɗe ido. Ba kowane jariri mai shessheƙa ne ke da abin da ka ambata ba, wani namoniya ce. Mai yiwuwa babban naka ya taɓa ƙonewa a nan ne.

Malama Mai Koyarwa

Ni daga ɗaya ɓangaren nake, ina cikin masu ba da bitar farfaɗo da jarirai. Muna koyar da cewa jaririn da bai yi numfashi ba bayan an tsane shi an shafa bayansa, a fara hura masa iska da jaka da abin rufe fuska kafin minti ɗaya ya cika, kuma a daina zuƙe wa kowane jariri majina ba dalili. Ranar rufe bita kowa yana yi a kan jaririn roba kamar ya shekara yana yi. Da na koma wani sashe bayan wata shida na ajiye musu jaririn robar ba sanarwa, likitan da ya fi kowa maki ya kifa abin rufe fuskar a juye, yana matsawa ƙirji ba ya ɗagawa, shi kuwa idonsa na kan agogo.

Tun daga nan na daina yarda da bitar shekara-shekara ita kaɗai. Inda na ga abin ya zauna, jaririn robar na nan kusa da ɗakin haihuwa, duk mai karɓar aiki ya yi minti biyar a kansa, abokin aikinsa na kallon ƙirjin.

Likitar Ɗakin Yara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Tsohon Hannu, maganar rabi-rabin nan zan kai ta taronmu na sashe. Ni dai na sa an rataya agogo mai hannun daƙiƙa a bangon da ke fuskantar kujerata, don na lura in na ciro waya sai yaro ya miƙo hannu ko ya fashe da kuka, ƙirgan ya lalace. Jiya na ƙirga wa yara tara minti ɗaya cur, layi ya ɗan yi tsawo, nas ɗina ta leƙo sau biyu.

Malama, tambaya gare ki. Na'urar auna oksijin da muke da ita ta manya ce, a yatsan jariri sai ta yi ta tsalle tsakanin 85 da 97. Mu riƙa maƙala ta a babban yatsan ƙafa, ko kada mu yarda da ita sam sai an samo ta jarirai?