Neman shawara: romon talotalo mai kauri na Thanksgiving

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Muna zaune a Amurka ne, to Alhamis ta huɗu a Nuwamba suke bikinsu na Thanksgiving, kowa yana hutu, yara sun matsa sai an gasa musu talotalo kamar yadda abokansu na makaranta suke ba su labari, shi kuma maigida ya gayyato abokan aikinsa, za mu kai mutum 10. Gashin bai dame ni ba, mun riga mun siyo na halal, abin da ya ɗaure min kai shi ne wannan romon mai kauri da suke zubawa kan naman da dakakken dankalin turawa, girebi. Na gwangwani ba na so don ban yarda da abin da ke ciki ba, kuma wasu na ga har giya suke zubawa. Yaya ake yi a gida?

Maman Afnan:
Wa alaikissalam ƙanwata, ki kwantar da hankali, abin ba wuya. Da farko ki sa hannu cikin talotalon, za ki samu wuya da wata 'yar jaka mai ƙundu da zuciya da hanta, ki fiddo su tun kafin ki sa a obin don wlh mutane da yawa da jakar suke gasawa. Ki dafa wuyan da ƙundun da zuciyar da albasa da karas da seleri da ɗan tayim a wuta kaɗan kamar awa biyu, ki tace, romonki kenan. Hantar ki ajiye gefe, in ta daɗe a tukunya ɗaci take sa wa romo. Idan naman ya gasu ki juye ruwan da ya tsatso a tire cikin kofin gilas ki bar shi ya tsaya, maiƙo zai taso sama ki kwashe da cokali. Awon kuma, duk kofi 1 na romo babban cokali 2 na maiƙon ne da babban cokali 2 na fulawa. Ki soya fulawar a maiƙon kina juyawa har ta yi kalar zuma warin ɗanyen gari ya fita, sannan ki rinƙa zuba romon kaɗan kaɗan kina kaɗawa ba tsayawa, ya ɗan tafasa kamar minti 10. Mutum 10 ki yi kofi 5 zai ishe ku.

Hajiya Babba:
Abin da Maman Afnan ta faɗa haka ne, sai dai 'yata kar ki wanke tiren nan, ƙanzon da ya kama a ƙasansa shi ne duk daɗin. Zuba romo mai zafi ki kankare da muciya ki haɗa. Nan ne su suke zuba giyar, ke romo ya ishe ki, in kina son ɗan tsami ki ɗiga lemon tsami.

Ummu Sadiq:
Ni gargaɗina kan gishiri ne. Talotalon kanti da yawa an riga an yi masa allurar ruwan gishiri, duba jikin ledar za ki gani, to ruwan tiren zai fito da gishirinsa, mu kuma hannunmu da saurin magi. Kar ki sa komai sai kin gama kin ɗanɗana. In ya yi ruwa-ruwa ki dama konfulawa (farin garin sitacin masara) da ruwan sanyi kamar za ki yi talge ki zuba, in ya yi gudaji rariya kawai.

Anti Ladi:
Ranar fa kicin cika yake, ni tun Laraba nake gasa fukafukan talotalo in yi romon da su in sa a firji, washegari sai dai in ɗumama in ƙara ruwan tire. Amma gaskiya ni abin nan salam nake jin sa, sai na sa attaruhu.

Maman Afnan:
Anti Ladi kar ki sa ta kori baƙin mijinta 😂 Masoro ya isa a tukunya, yaji a ajiye a gefe mai so ya barbaɗa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Bota za ta iya maye maiƙon in bai kai ba?

Maman Afnan:
Ƙwarai, awo ɗaya ne, ki dai nemi marar gishiri.