Duhu ko rana: wane lokaci zan tafi Svalbard?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na uku a Jamus kan yanayi. Malamina ya ce in zaɓi lokacin da zan yi wata uku ina auna iska a Ny-Ålesund, ƙauyen masu bincike a tsibiran Svalbard na Norway. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa sam, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuma ba ta faɗuwa. Da hunturu mutanen wurin ba su wuce 40 ba, babu mai yi mini rububin kayan aiki. Wanne ya fi?

Maman Hanif: Ƙanena, ka yi aure tukuna? Fara da wannan.

Injiniya Jega: Kada ka yarda da duhun nan. Na yi shekara biyu a Tromso, birni a arewacin Norway, kuma namu duhun wata biyu ne kawai. Ƙarfe sha biyun rana in leƙa taga, fitilun titi na ci. Barci ya rikice, abinci ya fita raina, na rame har Inna ta gan ni a bidiyo ta fashe da kuka. Likita ya rubuta mini bitamin D, ya ce in riƙa zama gaban wata fitila mai haske kowace safiya kamar ɗan tsako. Ranar da rana ta dawo a Janairu ni ma sai da na yi hawaye. Rigar sanyi kaɗai ta cinye mini Yuro 600.

Bayawuri: 600? An yanke ka, Injiniya. Ta hannu na saya 150.

Injiniya Jega: A ina ka sa ta? Landan? Ka bar wanda ya ga abu ya yi magana.

Malama Zuru: Kai ma Tromso birni ne, ba tashar bincike ba. Ni na yi sati shida a Ny-Ålesund da bazara. An hana Wi-Fi da Bluetooth saboda na'urorin bincike, intanet sai an jona kebul. Ba a fita bayan gari sai da bindiga saboda farar dabbar nan ta ƙanƙara mai kai wa mutane hari (polar bear), ƙofofi ma ba a kullewa, don in ta biyo ka ka faɗa ɗaki mafi kusa. Kuma hasken ma azaba ne: ƙarfe biyun dare rana tsaka, sai na toshe taga da bargo. Salla da agogo na yi ta.

Bayawuri: In azumi ya same shi can da bazara, magariba sai bayan wata huɗu 😂

Ustaz Bunza: Ba abin wasa ba ne. Malamai sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce Makka.

Maman Hanif: Ku kuna maganar duhu, mu a Birnin Kebbi kwana tara ba wuta, ga zafin Afrilu. Ƙanƙarar 200 yanzu 500.

Bayawuri: Unguwarmu 300 ce, Hajiya. Amma takardar kuɗin wuta ta iso, ita ba ta makara.

Ɗan Argungu: Malama, hunturun fa? Jirgi na zuwa kuwa?

Maman Hanif: In ka je ka aiko mana da ƙanƙarar.