Bishiyoyin gefen layin dogo da daren guguwa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai duba layi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya kwana muka yi muna daddatsa wata bishiya da iska ta kayar kan layi. Wata uku da suka wuce na kai rahoton cikinta ya ruɓe, aka ce ai tana bayan shinge, sai mai fili ya yarda. Iska dai ba ta nemi izinin kowa ba. Ku fa?

Direban jirgi: Malam, ni ganye ya fi ba ni tsoro. Bishiya ana ganinta. Ganye kuwa in ya jiƙe da kaka, ƙafafun jirgi su niƙe shi, sai ya zama wani baƙin shafi a kan ƙarfe, santsi kamar sabulu. Na taɓa jan birki a inda na saba, ina jin yashin da jirgi ke zubawa kan ƙarfe don rage santsi na zuba ƙarƙashina, amma sai da tarago biyu suka wuce tasha. Gumin da na yi ranar, Allah kaɗai ya sani. Shafin nan har hana sigina gane akwai jirgi a wurin yake yi. Shi ya sa a Ingila suke da jiragen da ke bin layi suna wanke shi da ruwa mai ƙarfi.

Mai gyaran wayar lantarki: Yara sababbi, ku ji. Reshe in ya rataya a wayar lantarkin da ke saman layi, kada hannu ya kai sai an kashe wuta an sa mata waya zuwa ƙasa. Ta manyan layuka bolt 25,000 ce. Ta taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, 600 zuwa 750, ita ma kisa take.

Injiniya: Yaya mai duba layi, kada haushi ya sa ku aske gangare tas. Mun yi haka a wani yanki, saiwoyin suka ruɓe, bayan 'yan shekaru ƙasa ta zabtaro. A sare masu haɗari, a bar ƙananan da ke riƙe ƙasa. Kuma a leƙa magudanun ruwa. A Carmont ta Sikotland, Agustan 2020, ruwan sama ne ya kwaso tsakuwa daga magudana ya zube kan layi, jirgi ya kauce, mutum uku suka rasu.

Mai duba layi: Na ji, ƙanwata. Akwai wasu biyu kusa da ta jiya, ɗaya har ta karkata. Gobe zan koma da fenti in yi musu alama.